Yadda Ɗan Zango Zai Ci Ramen a Ƙaramin Shagon Japan

Ɗan ƙanwata da yake taimaka mini a shagon kayan gyaran mota a Abossey Okai shi ne zai tafi Japan a bana ya yi lodin kwantena a madadina, domin ciwon gwiwa ya rage mini yawan tafiya. Ranar nan bayan sallar la'asar muna zaune muna bin takardun oda ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗago kai ya ce, "Kawu, maganar injuna da farashi duk na riƙe, abin da har yanzu ban sani ba shi ne me zan ci a can." Na ce masa, "Ɗana, da wannan tambayar ya kamata ka fara." Bayanin ya kai mu har kiran magariba, kuma daga baya na ga ya dace in rubuta ɓangare guda daga cikinsa saboda sauran 'yan'uwa na Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zango, da na Aboabo da Asawase a Kumasi masu harka a Suame Magazine, da kuma yaranmu da suke samun gurbin karatu a jami'o'in ƙasar.

Na zaɓi ramen ne, wato taliyar Japan da ake ci a cikin romo, saboda duk wanda ya sauka a Japan da aiki a gabansa sai ya yi karo da shi. Kusan kowace tashar jirgin ƙasa akwai shagonsa a kusa, kuɗinsa yana kewayen yen 1,000, ana kawo shi da zafinsa cikin 'yan mintoci, kuma tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da sanyin can yake shiga ƙashi irin wanda hunturun Tamale bai kama ƙafarsa ba, ƙamshin da ke fitowa daga ƙofar shagon kaɗai ya isa ya janyo mai jin yunwa ya shiga bai yi shawara ba.

Mafi yawanmu idan aka ce taliyar Japan, Indomie ɗin da mai shayi yake soyawa da ƙwai da daddare a bakin titin Nima muke tunawa. Akwai dangantaka, amma ta nesa ce. Indomie na wani kamfanin Indunusiya ne, kuma ita da ire-irenta sun biyo sawun busasshiyar taliyar leda da Momofuku Ando ya ƙirƙiro a Japan a 1958. Ramen na shago ya girme ta nesa ba kusa ba. Daga 'yan ƙasar Sin mazauna garuruwan bakin teku irin su Yokohama ya shigo, kuma shagon da aka fi ambata wajen yaɗa shi, Rairaiken, an buɗe shi a unguwar Asakusa ta Tokyo a 1910 da masu girki 'yan Sin. Taliyarsa ɗanya ce, ana kwaɓa ta da garin alkama da ruwa da gishiri da wani ruwa mai suna kansui. Wannan kansui ɗan'uwan kanwarmu ne, kuma duk macen da ta taɓa jefa kanwa a tukunyar waakye ko a miyar kuɓewa ta san yadda take sauya abin da aka dafa. A cikin alkama, shi ne yake ba taliyar launin rawaya da danƙo da ɗan taurin da haƙori yake ji, abin da ya raba ta da taliyar da ake ɗora mana a kan waakye.

Ita taliyar ba a cika samun matsala da ita ba. Maganar duk tana cikin romo, kuma wanda ya kalli yadda ake haɗa kwano guda zai gane dalili. Mai shago zai jera kwanonin da ya ɗumama da ruwan zafi, ya ɗebo wani ruwa mai ƙarfin gishiri da ƙaramin ludayi ya zuba a gindin kowanne. Wannan ruwan gindin kwano shi ne sirrin da kowane shago yake ɓoyewa. Bayansa sai ya zuba cokali guda na mai, sannan ya juya ga babbar tukunyar da ta daɗe a kan wuta ya kwararo romo. A gefe kuma taliya tana tafasa a cikin 'yan kwandunan ƙarfe masu dogon hannu, agogo yana ƙirga mata daƙiƙoƙi. Yana kaɗawa sai ya ciro kwandon, ya yarfa shi da ƙarfi sau uku ko huɗu har ruwan ya tsane, ya juye a cikin romon, ya gyara wa taliyar zama, ya jera nama da ƙwai da lawashi a sama. Abu biyar ke nan suka haɗu a kwanon, kuma Musulmi yana da tambaya a kan huɗu daga cikinsu.

Sunayen da ake rubutawa a jikin shago suna ruɗar baƙo. Shoyu na nufin an ɗanɗana romon da baƙin ruwan waken soya, shi ne tsohon salon Tokyo. Shio na nufin gishiri, romonsa garau yake har kana hango taliya a ƙasa, kuma garin Hakodate ya yi suna da shi. Miso kuwa niƙaƙƙen waken soya ne da aka ajiye watanni har ya nuna, ƙamshinsa yana tuna wa mutum daddawa, kuma Sapporo da ke can arewa ita ce gidansa. Duka sunayen ukun nan abin da aka zuba a gindin kwano kawai suke bayyanawa, ba su ce komai ba game da ƙashin da ke cikin tukunya. Na huɗun, tonkotsu, shi ne ya faɗi gaskiyarsa a fili, domin ma'anar kalmar ita ce ƙashin alade: ana tafasa ƙasusuwan sa'o'i masu yawa har ɓargo da kitse su narke, romon ya yi fari kamar madara. Daga yankin Fukuoka a tsibirin Kyushu ya fito, ana kuma tallarsa da sunan Hakata. Wannan mai sauƙin kaucewa ne. Wanda ya fi kama mutane shi ne romon shoyu ko shio mai kyan gani, wanda ido zai rantse na kaza ne, alhali a shaguna da yawa ƙashin kaza da na alade a tukunya ɗaya ake dafa su.

Ko da romon ya tsira, da sauran rina a kaba. Yankan naman da ake ɗorawa a sama, chashu, na alade ne sai idan an rubuta akasin haka, kuma ruwan da aka dafa shi a ciki ba a zubarwa: shaguna da yawa da shi suke haɗa ruwan gindin kwano, a cikinsa kuma suke jiƙa dafaffen ƙwan nan mai ruwa-ruwan gwaiduwa da ake kira ajitama. Man da ake zubawa yana iya zama na kaza, yana iya zama kitsen alade, musamman a salon Sapporo inda ake rufe saman romon da shi don kada ya huce da wuri. Kayan gefe ma haka suke, domin gyoza, 'yan ƙunshin fulawar nan da ake soyawa, da niƙaƙƙen naman alade aka saba cika su, soyayyiyar shinkafa kuma da gutsattsarin chashu ake yin ta. Saboda haka cewa "a cire mini naman" ba ta warware komai.

Ni kaina a tafiyata ta farko na koyi wannan. Mun wuni a wani fili a lardin Saitama muna kwance injuna cikin sanyi, mai masaukina, wani mutumin Aboabo da ya daɗe a can, ya tafi karɓo takardu, ni kuma yunwa ta tura ni wani ƙaramin shago kusa da tasha. A injin biyan kuɗin da ke bakin ƙofa na danna maɓallin da hotonsa ya fi kama da romon kaza. Da aka ajiye kwanon a gabana, tururi yana dukan fuskata, sai na ga wasu fararen ɗigo-ɗigo suna yawo a saman romon kamar an marmasa danƙararren man shanu, ga yanka biyu na nama mai layin kitse a gefe. Jikina ya ba ni. Na nuna kwanon na ce wa dattijon da ke bayan kanta, "Buta?", wato alade ne? Ya gyaɗa kai da fara'a, da alama ya ji daɗi baƙo ya gane kayansa. Na ba shi haƙuri da 'yan kalmomin da na sani, na miƙe na fita ban taɓa ba. Kuɗin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne fuskar dattijon lokacin da ya ga aikin hannunsa zai koma bola, alhali laifin ba nasa ba ne, ni ne ban tambaya ba kafin in biya. Da na gaya wa mai masaukina sai ya ce, "Alhaji, a ƙasar nan ba a neman abinci da yunwa, tun da safe ake sanin inda za a ci."

Maganarsa ita ce matakin farko. Kafin ka fita aiki, ka duba a waya inda shagon ramen na halal yake a hanyarka. A Tokyo ana samunsu a wajajen Asakusa da Ueno da Shinjuku, akwai kuma a Kyoto da Osaka, kuma mafi yawansu romon kaza suke yi, wani garau, wani fari mai kauri da ake kira tori paitan, wanda a ganina babu abin da wani romo zai nuna masa. Irin waɗannan shagunan sukan manna takardar shaidar halal a ƙofa ko a bango, wasu har da ɗan wurin sallah. Ƙananan shaguna suna buɗewa suna rufewa, don haka ka tabbatar bayanin da ka gani na kwanan nan ne. Bakin mutane ya fi waya. Ka je Juma'a a Tokyo Camii, babban masallacin da ke kusa da tashar Yoyogi-Uehara, wanda Turkawa suka sake ginawa aka buɗe a 2000, kuma duk wanda ya san Masallacin Ƙasa na Kanda zai ga kamannin ginin nan take. Ko kuma ka tambayi 'yan Pakistan masu cinikin tsofaffin motoci, waɗanda za ka yi ta haɗuwa da su a wuraren gwanjo. Idan babu na halal a kusa, akwai shagunan da ba sa amfani da komai na dabba, romonsu na riɗi ne da waken soya da kayan lambu, kamar T's TanTan da ke cikin babbar tashar Tokyo.

Idan kuwa ka tsinci kanka a ƙaramin gari inda babu ko ɗaya, to sai tambaya, kuma a bakin ƙofa ake yin ta kafin a saki kuɗi. Ka riƙe cewa buta alade ne, tori kaza, sakana kifi. Harafin alade a rubutunsu shi ne 豚, ka ajiye hotonsa a waya ka riƙa gwadawa da abin da ke jikin allo. Jimlar da za ka haddace ita ce, "Sumimasen, supu ni buta wa haitte imasu ka?", ma'ana gafara dai, ko akwai alade a cikin romon? Idan ya ce babu, ka bi shi da "Rado wa?", wato kitsen alade fa? Akwai shagunan da suke tallar romon niboshi, ƙananan busassun kifaye irin waɗanda ake dakawa a shito, amma sunan kifi a jikin allo ba hujja ba ne, domin sau da yawa ana gauraya romon kifin da na ƙashi. Abin da zan shaida shi ne ban taɓa ganin mai shagon da ya ɓoye mini gaskiya don ya sayar da kwano ɗaya ba. Idan akwai, zai gicciya hannuwansa a ƙirji alamar ba zai yiwu ba, kai kuma ka yi godiya ka wuce. Kada ka roƙe shi ya yi maka na daban, domin tukunya ɗaya ko biyu gare shi, kuma tun kafin ka farka aka ɗora ta.

Saura abu biyu da ba mai shago ne zai yanke maka hukuncinsu ba. Na farko giyar girki ce: mirin, wanda barasar da ke cikin na ainihinsa ta kai kusan kashi 14 cikin 100, da sake, giyar shinkafa, dukansu suna shiga ruwan gindin kwano da na jiƙa ƙwai a shaguna da yawa, shi kansa ruwan waken soya yana ɗauke da 'yar barasa kaɗan da take samuwa wajen tsima shi. Na biyu yanka ne, tunda kazar da ke shagon da ba na halal ba babu tabbacin an yanka ta yadda muke yankawa. Malamai sun yi bayani a kan waɗannan mas'aloli kuma ba duka bakinsu ya zo ɗaya ba, musamman game da barasar da wuta ta ƙone. Ka zauna da malaminka a nan gida kafin ka hau jirgi, ka kwatanta masa yadda abin yake dalla-dalla, ka tafi da amsa a hannu. Ni dai abin da na tsayar wa kaina shi ne shago mai takardar shaida, ko wanda babu dabba a girkinsa bayan na tambayi maganar giya, kuma ban taɓa kwana da yunwa saboda haka ba.

Wanda yake son ya saba tun kafin tafiya zai iya gwadawa a nan Akra, domin a Osu da Labone da East Legon da unguwar filin jirgi akwai gidajen da ke sayar da abincin Japan da na maƙwabtanta. A nan ma'aikaci ne zai kawo maka takardar jerin abinci, ka biya bayan ka gama da sidi ko ta MoMo, kuma babu mai ƙirga maka mintoci. Tambayoyin dai ba su sauya ba. Idan ka ga yaron da ke kawo abinci yana kame-kame, ka roƙe shi cikin ladabi ya shiga ya tambayo mai girkin da wane ƙashi aka yi romon, da wane mai, kuma daga ina naman ya fito.

To, a ce ka sami shagon da hankalinka ya kwanta da shi a Japan. Ƙaramin wuri za ka gani, da doguwar kanta da kujeru 8 zuwa 12 suna fuskantar wurin girki. Idan ɗan gajeren labulen nan da suke kira noren yana rataye a saman ƙofa, shago a buɗe yake. Da yawa suna rufewa tsakanin abincin rana da na dare, wasu kuma da romon ranar ya ƙare sai su sauke labule. Daga ƙarfe 12 zuwa 1 na rana ma'aikatan ofis suke cika ko'ina, saboda haka baƙon da bai iya harshe ba gara ya zo kafin nan ko bayan nan, lokacin da mai shago zai sami sararin saurarensa. Idan akwai layi, ka bi bayan na ƙarshe. Ba a kama wa wani wuri yadda muke yi a tashar trotro. Idan ku uku ne, sai kun cika sannan ku shiga layi, kuma kada ku yi mamaki idan aka raba ku, wannan a nan, wancan a can ƙarshen kanta. Ina kuma ba da shawarar a rage turare a ranar. Mu mutanen turare ne, amma a ɗakin da bai wuce taku shida ba, inda mutane suka zo shaƙar ƙamshin romo, turaren Juma'a yana danne komai.

Kana shiga za a tare ka da "Irasshaimase!" da babbar murya. Maraba ce, ba ta neman amsa, ɗan sunkuyar da kai ya wadatar. A shaguna da yawa akwai injin tikiti kusa da ƙofa, kuma a wurinsa ake biya kafin a zauna. Kuɗi ake fara sawa, maɓallan su kawo wuta, sannan a danna abin da ake so, ƙaramin tikiti ya faɗo, a karɓi canji. Yawanci maɓallin sama na gefen hagu shi ne kwanon da shagon yake alfahari da shi, ƙwai da ƙarin nama da babban kwano kuma kowanne da nasa maɓallin. Ka riƙe takardun yen 1,000 da sulalla, domin tsofaffin injuna da yawa ba sa karɓar 5,000 ko 10,000, kuma kati ba ko'ina yake aiki ba. Idan tsohuwar takardar 1,000 ta shigo hannunka ka dubi fuskar da ke jiki: Hideyo Noguchi ne, masanin ƙwayoyin cutar da ya zo binciken shawara, ta kama shi ya rasu a nan Akra a 1928, wanda cibiyar binciken lafiya ta Legon take ɗauke da sunansa tun 1979. A Yulin 2024 aka fito da sababbin takardu da wata fuskar, amma tsofaffin suna nan suna aiki, akwai ma injunan da su kaɗai suka sani. Idan injin ya tofo maka kuɗinka, ka ce "Sumimasen" ka ɗaga takardar, za a canja maka.

Ka zauna inda aka nuna maka, ka ɗora tikitin a kan ɗan tudun da ke saman kanta, jakarka kuma ka rataye ta a ƙugiyar da ke ƙarƙashi. Ruwan sha kyauta ne, da kanka za ka zuba. Wasu shagunan za su tambaye ka yadda kake son taliyar: katame mai ɗan tauri, futsu daidai, yawarakame mai laushi. Karon farko ka ce futsu, sai dai idan ka san a hankali kake cin abinci, to katame ya fi maka, tunda taliyar za ta ci gaba da dahuwa a cikin romo. Mai farin kaftani ya naɗe hannun riga, ya nemi ƙyallen takardar da ake ratayawa a wuya, kami epuron, wanda manyan ma'aikata masu kwat ma suke sawa.

Idan kwanon ya iso, ka karɓe shi da hannu biyu domin yana da zafi da nauyi. Su sukan haɗa tafin hannu su ce "Itadakimasu", kai kuma ka yi Bisimillarka, babu mai ce maka don me. Ka fara da kurɓar romo da cokalin nan mai faɗin gindi kafin ka zuba komai a ciki, domin girmama mai girkin, kuma domin ka ji ɗanɗanon da ya yi niyya. Harshen da ya tashi da shito da yajin tsire zai ji kamar akwai abin da aka manta a kurɓar farko, amma zuwa ta uku zai fara rarrabe daɗin ƙashin kaza da na busasshen kifi da zaƙin albasa. Bayan ka ci kamar rabi sai ka waiwayi 'yan kwalaben da ke gabanka, masoro da riɗi da man barkono da niƙaƙƙiyar tafarnuwa, ka sa kaɗan-kaɗan. Kwalbar shiton da aka ƙunso maka daga gida ka bar ta a masauki. Ɗanyar tafarnuwar kuma, ka tuna da sallar jam'in da ke gabanka kafin ka ɗiba.

Riƙon tsinkayen cin abinci, hashi, bai kai wuyar da ake ba shi ba. Na ƙasa yana kwance a gindin babban yatsa, ya jingina a kan yatsan da ke kusa da ƙaramin, ba ya motsi. Na sama ana riƙe shi kamar alƙalami, shi kaɗai yake hawa da sauka. Kwana biyu kana tsintar gyaɗa da su a gida sun isa. Ka ɗago sili biyar ko shida na taliya, ka sunkuyar da kai kusa da kwano, ka zuƙe su tare da iska. Ƙarar da za ka ji daga dama da hagu ita ce wadda iyayenmu suka hana mu yi a kan akushi, kuma na san yadda take sosa kunne a ranar farko. A can ba a ɗaukar ta rashin tarbiyya, domin iskar tana sanyaya taliyar da ta fito daga tafasasshen romo, tana kuma janyo romon tare da ita zuwa baki. Wanda ya iya zuƙa ya huta da hura abinci, abin da dama ba mu so. Idan ba za ka iya ba ka ci shiru, kuma idan tsinken ya gagara ka ce "Foku, onegaishimasu", shaguna da yawa suna da cokali mai yatsu.

Za ka lura suna riƙe tsinke a dama, cokali a hagu, suna kurɓa da hagun. Mu da ba ma kai abinci baki da hagu muna da mafita: ko ka ajiye tsinken a bakin kwano ka ɗauki cokalin da dama, ko ka ɗaga kwanon da hannu biyu ka kurɓa daga bakinsa kamar kwanon koko, wanda a wurinsu daidai ne. Kada ka kafa tsinke a tsaye a cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa abokinka loma daga tsinke zuwa tsinke, domin dukansu suna tuna musu al'adun jana'izarsu.

Ramen ba abincin hira ba ne. Taliyar tana shan romo tana kumbura tun daga minti na farko, bayan minti 10 ko 15 ta saki jiki ta caɓe. Ga kuma mutanen da ke tsaye a waje cikin sanyi suna kallon bayanka ta gilashi, da mai shagon da abincin iyalinsa ya dogara ga sau nawa kujerun nan suka juya a rana. Mu da muka saba a zauna a kan tuwon zafi ana taɗi har a wanke hannu a ci gaba, wannan yana yi mana nauyi, amma a nan ne nake ganin baƙo yake nuna ya san darajar wurin da ya shigo. Hoton kwanonka guda ɗaya ba laifi, ban da fuskokin mutane. Kiran waya kuwa, ko daga gida ne, a bar shi sai an fita. Ba a raba kwano ɗaya tsakanin manya biyu, kowane mai kujera da nasa tikitin. Idan ba ka ƙoshi ba, wasu shagunan suna sayar da ƙarin taliya ita kaɗai, kaedama, sai ka rage romo domin a juye ta a ciki. Shanye romon tas yana faranta ran mai girki, amma ba dole ba ne, kuma mai hawan jini ya kiyaye, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, kwano ɗaya kuwa idan aka shanye shi yakan kai haka ko ya wuce.

Da ka gama, ka dubi abin da na kusa da kai ya yi. A shaguna da yawa ana ɗaga kwano da kofi a mayar kan tudun kanta, a ɗauki tsumman da aka ajiye a goge inda romo ya fantsama, takardar goge baki kuma a jefa ta a kwandon shara maimakon cikin kwano. Ba a ba da tukuici a Japan, idan ka bar canji a kan kanta za a iya biyo ka da shi har titi. Ka miƙe, ka mayar da kujera, ka dubi mai shagon ka ce "Gochisosama deshita", wato an gode da wannan karamci, shi kuma zai amsa da "Arigato gozaimashita" hannunsa yana kan kwandon taliya. Ka ja ƙofar ka rufe ta a bayanka saboda sanyi, sannan ka matsa daga bakin shagon kafin ka tsaya sa rigar sanyi ko duba waya, domin na gaba a layi yana jiran a kira shi.